Safiyar da Na Tayar da Giwa

Bello da Maryama, ku nake rubuta wa wannan babin, saboda na ji abin da Baba ya gaya wa baƙinsa a zaure ranar Juma'a, kuna zaune kuna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Cewa ya yi wai shi da kansa ya gano ciwon Giwa, da tunani da haƙuri. Haƙuri! Baban da ke shan koko a tsaye don kada zama ya ɓata masa lokaci. Ni yanzu girma ya kama ni, shekarata goma sha bakwai, bayana har ciwo yake yi duk lokacin da aka ce in yi shara, kuma ba na son in bar duniya in bar ku da tarihin da aka murɗe. Lokacin da abin ya faru, kai Bello ba ka iya ɗaura zariyar wandonka ba, ke kuma Maryama kina goye. Don haka ku natsu.

Kafin Giwa akwai 'Yar Shila, wata ƙaramar mota mai shan fetur da Baba ya cire wa kujerun baya, yake dakon tumatir da ita daga fadamar Dundaye zuwa kasuwar 'yan gwari. Ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta, kuma idan ka zauna a gaba kana iya ƙirga duwatsun hanya ta ramin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Amma tana da hali ɗaya mai kyau: ko kallon makulli Baba ya yi, ta tashi. Shekara ashirin yana shiga, ya cusa makulli, ya murɗe shi har ƙarshe da bugu ɗaya, kafin ya ja ƙofa sun kai bakin titi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Aibinta shi ne kwando takwas kawai take ɗauka, yashin fadama kuma yana riƙe ta kamar ta ci masa amana. Da manoman suka ƙara faɗin gonakinsu, sai Baba ya sayar da ita, Inna ta haɗa masa da ragunanta uku da ta yi shekara tana kiwo, ya sayo a-kori-kura ta hannu, fara, mai shan gas, wato man dizal. Ranar da ya shigo da ita Unguwar Rogo, ƙarar injinta ta sa kajin layinmu suka daina ƙwai na mako guda. Ni na raɗa mata suna Giwa, kuma har yau babu wanda ya gode mini.

Baba ya ajiye ta a kangon da ke jikin gidanmu, ya tara mu a tsakar gida yana kaɗa makullin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Lubabatu, don haka ba ya faɗin sunana. Idan muna shiri Uwata yake ce mini, idan ba ma shiri kuwa sai "ke". Ranar nan kuwa da "ke" ya fara.

"Ke, da ke nika. Duk wanda yat taɓa wanga makulli, hutun makaranta gaba ɗai Dundaye za shi yi shi, wurin Goggo, shina yankan tumatur na shanya."

"Baba, ni mi zan yi da makulli?" na ce.

"Shi na ban son in sani."

Goggo yayarsa ce, wadda ke tashin mutum da asuba da muryar da ake ji har Kwalkwalawa. Ni kuwa a hutun nan za a yi bikin yayar ƙawata Hindatu, an riga an yanka mana anko. Na yi alkawari a zuciyata ba zan taɓa makullin ba. Na riƙe alkawarin kwana huɗu cur.

Dalili kuwa rediyo ne. Giwa tana da rediyo mai murya kamar ana biki a cikinta, gidanmu kuma namu ya mutu tun ina aji uku. Baba yakan rataye rigarsa a ƙusa idan zai tafi sallar asuba, makullin na aljihu, kuma ranakun da ba shi da lodi yakan zauna masallaci har gari ya yi haske. Sai in zare makullin, in shige kango, in zauna a kujerar direba ina sauraren gaishe-gaishe. Wanda ya mallaki motar a da ya haɗa wayoyin rediyon a karkace, ba ya kamawa sai an murɗa makulli sau biyu, ƙas, ƙas. A murɗa ta biyun nan fitilu kan cika allon gaban direba, jajaye da kore, da wata 'yar rawaya mai zane kamar taliya a nannaɗe. Ita wannan takan ɗan jima tana ci, sai a ji wani abu ya ce "tak" a ƙarƙashin bonet, ta mutu. Na saba da ita har nakan gaishe ta.

Watan farko Giwa ta yi aiki, sai dai takan yi tari kafin ta tashi. Da sanyi ya shigo, daidai lokacin da tumatir ya nuna a fadama, sai ta tsiri hali. Da safe Baba zai shiga, ya cusa makulli, ya murɗe har ƙarshe kamar yadda ya saba, ta yi ta gurnani, gur-gur-gur, farin hayaƙi na fita ta salansa kamar ana turaren wuta, amma ko motsi. Ya yi ta yi har batir ya gaji. Daga nan sai turi. Babu namiji mai ƙafa biyu a layinmu da bai tura Giwa ba; har mai shayi ya fara ɓuya a bayan teburinsa idan ya hango Baba. Wani lokaci ta kama a gangaren bakin titi, wani lokaci sai rana ta ɗaga ta gasa ta, sannan ta tashi da murɗa ɗaya kamar ba ita ba.

Aka kira Garba, bakaniken da ya yi shekara ashirin yana jinyar 'Yar Shila. Garba ba ya fitowa sai hantsi ya wuce, don haka duk zuwan da ya yi, sai ya tarar da mota ta sha rana, ya taɓa makulli ta tashi.

"Malam Umaru, wagga mota lahiya tai mata yawa," in ji shi.

"To ka zaka da sahe ka gani mana!"

"Da sahe ni ma ban tashi, bale mota."

Duk da haka ya yi abin da ya iya. Ya buɗe bonet ya yi rabin awa yana neman kafireta, kafin ya tuna mai gas ba ta da ita. Ya canza batir. Ya canza matatar mai. Ya zuƙi tiyo da baki don ya ga ko mai na zuwa, man ya zo, har cikinsa, ya kwana biyu yana gyatsar gas. Inna ta ce a kai ta garejin manyan motoci wurin masu gyaran gas. Baba ya ce shi da ya riƙe sitiyari tun kafin a haifi yaran garejin ba zai je su koya masa tada mota ba.

Ana cikin haka Kawu Sani ya shigo labarin. Ƙanin Inna ne, tela ne a Gawon Nama, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa sanyin jiki a jihar nan. Idan ya fara yi maka sallama kana iya ɗora ruwan shayi ya tafasa kafin ya kai ƙarshe. Wata safiya ya kawo mini ankona a gwada, ya tarar da Baba yana shirin shiga mota yana huci tun kafin a fara.

"Maigida, ba ni in gwada hannuna," ya ce.

"Kai da keken ɗinki kas sani?"

"Shi ma inji na."

Baba ya jefa masa makullin don a yi dariya. Kawu ya shiga, ya gyara hula, ya gyara zama, ya yi addu'ar hawa abin hawa a hankali kamar yana koya wa 'yan aji ɗaya, ya murɗa. Giwa ta tashi. Bugu ɗaya. Baba ya tsaya baki buɗe, Inna ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa.

"Malam, ka gani? Motag ga addu'a taka so. Kai ko sai ka faɗa cikinta kamar an biyo ka."

Washegari Baba ya tsaya a jikin ƙofar mota, makulli a hannu, ya yi addu'ar. Ya shiga, ya cusa, ya murɗe har ƙarshe. Gur-gur-gur. Jibi ya yi ta sau uku. Gata ya ƙara da duk abin da ya haddace tun yana yaro, har ƙafarsa ta yi sanyi a tsaye. Gur-gur-gur. Aka aika a kira Kawu, ya zo a kan babur ɗinsa da gudun da akuya ke wuce shi, ya tada ta da bugu ɗaya. A nan ne abin ya daina ba ni dariya, domin na ga fuskar Baba. Ba fushi ne a cikinta ba. Da rana na ji shi yana tambayar Inna a hankali, yana zaton babu kowa kusa:

"Ke, ko akwai wanda nac cuta ban sani ba? Mi as sa tawa ba ta karɓuwa?"

Abin da bai sani ba, ni na riga na taɓa tada Giwa. Wata Juma'a da ba shi da lodi, ina cikin mota ana sa wata waƙa mai daɗi, 'yar fitilar rawaya ta riga ta mutu, ina rawa a zaune na kama makulli in kashe, sai na murɗa shi gaba maimakon baya. Giwa ta yi ruri. Wallahi raina ya fita ya je Illela ya dawo. Allah ya sa Baba ba ya barin ta a giya. Na kashe, na mayar da makulli aljihu, na shige bargo. Inna ta ɗauka injin niƙan maƙwabta ne. A lokacin na ɗauka sa'a ce kawai. Amma zuwan Kawu na biyu na leƙa ta tagar ɗaya gefen ina kallon hannunsa, sai na ga abin da kowa bai gani ba. Kawu yakan sa makulli, ya murɗa ƙas, ƙas, sannan ya tuna bai yi addu'a ba, ya saki makullin ya ɗaga hannu. Yana cikin yi 'yar rawaya ta ce "tak" ta mutu. Ya shafa, ya ƙarasa murɗawa. Baba kuwa a waje yake yin tasa, makulli a hannu, sannan ya shiga ya wuce fitilar da gudu. Ya sha ganin fitilun, amma kwalliyar masu ƙera mota yake ce musu.

To ga ni da maganin a baki, ga kuma ankona a rataye. Idan na faɗa, tambayar farko ita ce a ina na san fitilar da ba ta kamawa sai da makulli. Na gwada dabara. Na ce wa Baba na yi mafarki wani tsoho ya ce a riƙa murɗa makulli a hankali. Ya ce in rage cin wake da dare. Na ce wa Kawu ya nuna wa Baba yadda yake yi. Ya ce shi ba ya yin komai, ikon Allah ne, kuma da gaskiyarsa, don bai san yana yi ba. Sai na lallashi kaina cewa ai Kawu yana nan, a yi ta kiran sa har sanyi ya wuce. Mako guda na yi a haka, kuma ba na alfahari da makon nan. Kawu ba kullum ake samun sa da wuri ba, tumatir kuma ba ya jira.

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam Dikko, shugaban manoman, ya zo da kansa. Ina bayan ƙofar zaure, inda na saba tsayawa don neman ilimi.

"Malam Umaru, shekara ashirin muna tare, ba mu manta ba. Amma sau huɗu ke nan tumatur na zaune ga kwando shina jiran ka, masu saye su watse, mu kwashe shi mu kai ma mata su yanka. Yara sun matsa mani. Ran Assabar, in rana tah hau bisa giginyar bakin fadama ba ka iso ba, za mu ba wani. Ka gahurce ni."

Baba ya ce babu komai, ya raka shi har bakin babur. Da ya dawo bai ci tuwo ba. Ranar Juma'a kuma aka yi rasuwa a dangin matar Kawu, ya tafi Argungu.

Asabar, ranar farko ta hutunmu, ta zo da sanyin da ke sa haƙora su yi gardama da juna. Baba ya dawo daga masallaci da sauri, ya tsaya ya yi addu'arsa, ya shiga. Gur-gur-gur. Ya sake. Gur-gur-gur. A na uku muryar ta fara ja, gur, gur, kamar tsoho na hawa tudu. Na san sautin nan: saura murɗa ɗaya, ko biyu in an yi sa'a, batir ya kwanta. Layin babu kowa, masu turi sun koyi makara. Inna na tsaye a bakin kango da Maryama a baya, ta rufe baki da gefen mayafi, na san ragunanta take gani suna tafiya a banza. Baba ya kifa goshi a kan sitiyari. Ban taɓa ganin bayan wuyansa a haka ba. Ya ɗago, ya kai hannu ga makulli.

"Baba, tsaya! Kak ka murɗa!"

"Ke, kauce nan."

"Murɗa sau biyu kaɗai, ka jira 'yar rawayag ga ta mutu. Ita Kawu ka jira bai sani ba."

"Ke mi kinka sani ga mota?"

Na kalli Inna, na tuna ankona mai ruwan goro da aka yi wa aiki a wuya, na yi masa bankwana.

"Na taɓa tada ta, Baba. Ran Juma'a waccan. Bugu guda."

Kangon ya yi tsit, har na ji wata kaza tana tunani. Inna ta ce, "Inna lillahi." Baba ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Da wane makulli?"

"Na aljihunka. Rediyo nika saurare."

"Tun yaushe?"

"Tun... tun tana sabuwa."

Na ga maganganu sun taru a bakinsa suna rige-rigen fita. Sai ya dubi gabas, inda sama ta fara ja, ya haɗiye su. Ya mayar da makulli baya, ya murɗa. Ƙas. Ƙas. Fitilu suka kama.

"Wacce?"

"Waccan, mai kama da taliya. Saki makullin."

Bai saki ba. Shekara ashirin hannun nan bai taɓa tsayawa a rabin hanya ba.

"Ba ta mutuwa," ya ce.

"Za ta mutu."

"Batir taka sha!"

"Malam," in ji Inna, "yi addu'arka yanzu. Ga lokaci ka samu."

Ya saki makullin. Ya ɗaga hannu, ya fara, idonsa ɗaya na kan fitila. Yana kaiwa tsakiya muka ji "tak". Ya yunƙura, Inna ta ce ya ƙarasa tukuna. Ya ƙarasa, ya shafa, ya ce bismillah, ya murɗa. Giwa ta ce gur, ta yi shiru na tsawon shekara guda, sannan ta fashe da rurin da ya zubo da ƙasa daga katangar kango. Maryama, a nan kika tsala ihu. Wannan ita ce gudummawarki a tarihin nan.

Baba ya zauna yana sauraren injin, idanunsa sun yi ja, ya ce hayaƙi ne. Ni kuwa na fara murmushin jarumai, ina jiran a yafe mini a ƙara da kyauta.

"Uwata," ya ce. Zuciyata ta yi fari. "Je ki ɗauko kayanki. Minti biyu."

"Baba! Ni fa nag gyara ta!"

"Ke kinka gyara ta, Allah shi yi maki albarka. Ke kuma kinka ɗauki makulli. Goggo na jira."

Inna ba ta roƙa mini ba, sai dai ta cusa mini ƙuli-ƙuli a jaka. Haka na shiga Dundaye a gaban mota, kusa da direba, ina kuka ina cin ƙuli-ƙuli. Muka iso rana ba ta kai rabin giginya ba. Malam Dikko ya dubi mota, ya dubi sama, ya ce wa yaransa su fara lodi. Kwando ashirin da shida Giwa ta ɗauka ranar, ta fita yashin nan ko tari ba ta yi ba.

Bayan kwana biyu Baba ya sauke kai ya je garejin masu gas. Wani dattijo a can ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur, zafi yake bukata kafin mai ya kama, kuma fitilar tana nuna wasu 'yan ƙarafa ne da ke ɗumama cikin injin, hita suke ce musu. Ya duba ya ga biyu cikin huɗu sun mutu, shi ya sa sanyi kaɗan ke kayar da ita. Ya canza su. Ya kuma ce wani ya riƙa shanye batir da rediyo, amma wannan ba shi da muhimmanci a tarihi.

Mako uku na yi wurin Goggo. Na yanka tumatir da ya isa a yi wa duk Sakkwato miya har jikokinku. Hannuna ya yi ja, har yau idan na ga kauɗar tumatir a shanye a kasuwa sai mu gaisa, don na san wasunsu. Biki kuwa an yi shi ba ni. Hindatu ta ce an yi rawa har takalma sun tsinke. Ankona yana nan a ƙasan akwati, ya yi mini kaɗan. Maryama, naki ne idan kin girma, ki san da me aka saye shi.

Ranar da hutu ya ƙare Baba ya zo ɗaukata da sassafe, ya tsaya suka gaisa da Goggo har inji ya huce. Muka shiga. Ya sa makulli, ƙas, ƙas, ya ɗora hannuwansa biyu a cinya kamar ɗalibin kirki, ya yi addu'arsa a tsanake. Fitila ta mutu. Bai murɗa ba. Ya dubi gaba, ya dubi madubi, ya tabbata Goggo ta shige gida.

"Uwata, miƙo hannu ki tada muna ita. Kuma in kinka gaya ma wani, ni ban san zancen ba."

Shekara biyu na riƙe. Da bai ce haƙuri a gaban baƙi ba, da har yanzu ina riƙe.